Shaidar Kabira daga Misfala

Duk alhajin Najeriya da ya sauka a unguwar Misfala a Makka, in ya kwana uku bai ga tuwo ba, sai an nuna masa lungun Kabira. Ba shago ba ne, ba kuma allo a ƙofa. Tsohuwar amara ce, wato gidan bene, mai hawa huɗu, ita da mijinta Muttaka suna haya a ɗakuna biyu na ƙasa. Shekara goma sha tara ke nan da suka zo Umra suka zauna, ba igama, wato takardar izinin zama, ba komai. Shi yana tura tsofaffi a keke daga masauki zuwa Harami, ita tana tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka tana zubawa a robobi. Mace ce mai fara'a da saurin hannu, in ta yi dariya sai ka ga haƙorinta na gaba ya ɗan ɓantare. Wanda ya tambaya sai ta ce masa ƙashin rago ne.

Abin da mutanen lungun ba su sani ba, in ka cire mijinta, shi ne an haife ta a gidan Katolika, a wani ƙauye da ake kira Unguwar Ɓaure a kudancin Katsina. Sisiliya ne sunanta na baftisma. Muttaka ya san wannan tun kafin aurensu. Abin da bai sani ba shi ne dalilin da ya raba ta da ƙauyen tana 'yar shekara goma sha biyar.

Wata Talata da hantsi tana tsakar tuƙi wayarta ta yi ƙara. Ta miƙa wa Ɗaso muciya, maƙwabciyarta ce da ke taya ta aiki, ta goge hannu ta duba. Lambar yayarta Filomina ce. Rabon da su yi magana tun rasuwar mahaifiyarsu, shekara biyu.

“Sisi,” in ji muryar, ta dishe kamar ta wanda ya sha kuka.

“Yaya, lafiya? Wa ya rasu?”

“Ba wanda ya rasu. Lusi ce, autata.” Sannan ta ce, “An dawo mana da Fada Dominik, yau shekara uku.”

Kabira ta nemi bango ta jingina. Ba ta bukaci a ƙarasa mata ba.

Fada Dominik shi ne limamin cocinsu lokacin tana yarinya. Ita ce mai share ɗakin da ake ajiye tufafin ibada duk ranar Asabar, saboda ita ta fi kowa haddace katekizim, littafin koyarwar addininsu. A ɗakin nan ya kulle ƙofa ya keta mata haddi. Da ta koma gida baki yana jini ta faɗa wa Filomina, Filomina ta kwaɗa mata mari ta ce kada ta ƙara sa sunan bawan Allah a ƙazamin bakinta. Kabira ta je wurin wani Fada baƙo ta faɗa masa a wurin furta zunubi, ya yi kuka ya ce abin da aka faɗa a nan ba shi da ikon fitar da shi, sai dai ta je ta faɗa a fili. A fili kuwa wa zai saurare ta? Bayan wata biyu ta hau motar masu hatsi zuwa Funtuwa. Wata mai sayar da abinci a tasha ta riƙe ta kamar 'yarta, a hannunta ta koyi girki, a hannunta ta musulunta.

“Su uku ne suka kai ƙara,” in ji Filomina. “Lusi da wasu biyu. Sabon Bishop ya naɗa Fada mai bincike. Amma Sisi, gari ya dare biyu. Ko gaisuwata an daina amsawa a kasuwa.”

Ta kwashe labarin ta faɗa mata. Ashe ba son Fada Dominik kaɗai ya sa mutane suke kare shi ba, har da tsoro. Shi da kansa ya tsaya a kan bagade ya ce in aka ce shi mai laifi ne, to duk baftismar da ya yi ta rushe, duk auren da ya ɗaura zaman banza ake yi, duk mamacin da ya shafa wa mai ya tafi da zunubinsa. Tsohon katakis, mai koyar da addini a cocin, ya miƙe ya ce ba haka koyarwar take ba, aka yi masa ihu aka fitar da shi. Yanzu masu bin katakis suna zama a hagu, masu bin Fada a dama, ba mai miƙa wa wani hannu lokacin gaisuwar salama.

“Har ni ina tsoro,” in ji Filomina. “Shi ya shafa wa Inna mai ranar da za ta cika.”

“To ni me kike so in yi?”

“Ya ce sharri ne na 'yan zamani, shekara arba'in yana aiki ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ke kaɗai kika san ƙarya ne. Ki ba da shaida, ko ta waya ce.” Sai ta ƙara da cewa, “Na mare ki, Sisi. Da hannun nan na mare ki. Da na saurare ki da bai kai ga 'yata ba.”

Shekara talatin da biyu Kabira tana jiran wannan magana, da ta zo kuma sai ta ji ba daɗi ba sanyi, sai nauyi. Ta ce za ta yi tunani, ta kashe wayar.

Ɗaso ta ji rabin zancen, sauran kuma ta tatse shi a bakin Kabira kafin tuwo ya sulala. Ta tafa hannu ta yi salati, sannan ido ya buɗe mata.

“Ke, wannan ai ba ta waya za ki yi ba. Ki zauna a ɗauke ki bidiyo a watsa, duniya ta ga abin da suke yi a cocinsu.”

“Su wa?”

“Su mana.”

“Ɗaso, uwata a cikinsu ta rayu ta mutu, ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba. Yarinyar da aka cuta a cikinsu take. Katakis ɗin da aka kora saboda ya faɗi gaskiya ma a cikinsu yake. Mutum ɗaya ne ya yi mini, na san sunansa. Kuma ke kin manta malamin ruƙiyyar nan na Tandabawi da aka rufa wa asiri bara? Bidiyo nawa muka watsa?”

Ɗaso ta kawar da kai ta ci gaba da mulmula tuwo. Can ta ce, “Halas, shi ke nan, na ji. Amma mijinki Abu Raghad fa? Ya sani?”

Wannan ce tambayar da Kabira take gudu. Bayan La'asar Muttaka ya shigo yana jan ƙafa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ta bari ya ci ya sha ruwa, sannan ta zauna a gabansa a kan tabarma, ta faɗa masa komai, idonta a kan yatsun ƙafarta. Da ta gama ya ɗago ya dube ta.

“Yana raye?” ya ce.

“Yana raye, Malam.”

Ya tashi ya je bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon lungu, ya dawo ya zauna. Idanunsa sun kaɗa.

“Shekara ashirin da shida muna ɗaki ɗaya, kina ɗauke da wannan ni ban sani ba. Ba ke nake jin haushi ba, Ummu Raghad. Kaina nake tuhuma, wane irin miji ne ni da kika ji tsoron faɗa mini.”

“Ba tsoronka ba ne. Kunya ce.”

“Kunyar me? Shi ya kamata ya ji ta, kin riƙe masa ita shekara da shekaru. Ki mayar masa da kayansa.”

Ta ce masa masu binciken za su nemi hoton tsohon fasfonta da cikakken sunanta, kuma in magoya bayan mutumin suka san inda take suna iya neman wanda zai kai tsegumi a kama su. Muttaka ya ɗaga kafaɗa.

“In an kama mu ina za a kai mu? Gida dai. Mun yi ɗawafin da ya ishe mu. Ki kira yayarki.”

Aka sa ranar Alhamis ta mako na uku. Wayar Kabira ba ta da ƙarfin ɗaukar dogon zama, ɗakinsu kuma hayaniyar lungu ba ta barin a ji magana. Sai ta nemi alfarma a wurin Hanan, wata malamar makaranta da take yi wa girki duk Juma'a a unguwar Kudai. Kakannin Hanan daga Kano suka zo da ƙafa, ita kuwa a Makka aka haife ta, Hausarta ta gauraye da Larabci. Da ta ji abin da ake ciki ba ta yi tambaya ta biyu ba.

“Ya Khala, ɗaki naki, kwamfuta naki. Ni zan zauna barra, a bakin ƙofa, ba wanda zai shiga.”

Ranar, Muttaka bai fita aiki ba. Ya raka ta Kudai a motar haya, ya zauna a falo da carbinsa. Kabira ta sa baƙar abayarta da farin mayafi, ta zauna a gaban kwamfutar. Da hoton ya buɗe ta ga dogon tebur da gicciye a bango. A tsakiya wani Fada ne siriri mai tabarau, ya ce sunansa Fada Atanasiyus, shi Bishop ya ɗora wa binciken. Gefensa wata Sista tana rubutu. A ƙarshen teburin kuwa ga Fada Dominik. Shi ya nace sai ya zauna, don bai yarda za ta bayyana ba. Ya tsufa, ya yi ƙiba, kansa fari fat. Kabira ta yi mamakin yadda ya zama ƙarami a idonta.

Tun kafin ta buɗe baki ya ɗaga hannu.

“Ban san wannan matar ba. Kuma ku dubi shigarta. Ta bar Ikilisiya, ta yi watsi da baftismarta, tana zaune a garin da ko ƙafa ba za a bar ni in sa ba. Ta yaya wadda ta ƙi bangaskiya za ta ba da shaida a kan firist?”

Fada Atanasiyus ya cire tabarau ya goge.

“Fada, ba mu kira ta don mu tambaye ta abin da ta gaskata ba. Mun kira ta ta faɗi abin da ta gani. Dokarmu ba ta hana ta ba. In kuma abin da za ta faɗa gaskiya ne, sai mu tambayi kanmu wa ya kore ta.” Ya juyo. “Hajiya, da me za ki rantse?”

“Da Allah wanda ya halicce ni ya halicce ku,” in ji Kabira. “Ina zaune tafiyar ƙafa kaɗan daga Ɗakinsa. Ba zan yi ƙarya a nan ba.”

Ta fara. Ta faɗi shekarar, ta faɗi watan, ana saura mako biyu bikin Ista. Ta faɗi yadda ɗakin yake, da akwatin katako mai kwaɗo biyu, da tagar da aka toshe da kwali. Ta faɗi abin da ya ce mata bayan ya gama, cewa in ta faɗa wa wani uwarta za ta mutu ba a yi mata addu'a ba. A nan Sista ta ɗago kai ta dubi Fada Atanasiyus, don kalmomin nan su ne 'yan matan uku suka faɗa, kowacce ita kaɗai, kuma Kabira ba ta taɓa magana da ko ɗaya daga cikinsu ba.

“Ƙarya ce,” in ji Fada Dominik. “Yayarta ce ta karanta mata.”

“To Fada, ka naɗe hannun rigarka na hagu,” in ji Kabira.

Ya tsaya cak.

“Akwai tabo a ƙasan gwiwar hannunka, ta ciki. Yayata ta ce har wa'azi kake yi da shi, wai karen hauka ne ya cije ka kana ceton wani yaro. Ba kare ba ne. Ni ce. Na cije ka har sai da ka buga kaina da akwatin nan, haƙorina ya ɓantare.” Ta matso kusa da kwamfutar ta ɗaga leɓenta. “Ga shi. A kai tabon wurin likita ya faɗa muku ko na kare ne ko na mutum.”

Fada Atanasiyus ya ce a hankali, “Fada, hannunka.”

Fada Dominik ya dafe hannun rigar da ɗaya hannun. Ya ce shi ba za a wulaƙanta shi a gaban arniya ba, sai kuma ya tuna ba arniya ba ce, ya nemi wata kalmar ya rasa. Ya miƙe, kujerar ta faɗi, ya fita. Sista ta rubuta cewa an nemi ya nuna ya ƙi.

Fada Atanasiyus ya tattara takardunsa. Sannan ya ce, “Hajiya Kabira, ba ni da ikon yanke hukunci yau, takardu sai sun je Roma sun dawo. Amma ni a bakina, ina neman gafararki. An ba mu amanar yarinya, muka ci.”

Kabira ta ce, “Ina da tambaya ɗaya, ba tawa ba ce, ta yayata ce. Shi ya shafa wa uwarmu mai. Tana tsoron ko ya tashi a banza.”

“Ki gaya mata bai tashi a banza ba. A koyarwarmu ba tsarkin firist ke sa baftisma ko shafewa ta tsaya ba, Allah ne mai aikin. An daɗe da rufe wannan gardama, ya tono ta ne don ya ɓuya a bayanta. Zan sa a karanta wannan a cocinku ranar Lahadi.”

Da ta fito falo sai ta zauna a ƙasa. Muttaka ya tsuguna ya riƙe hannunta a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba. Hanan ta kawo shayi da dabino tana share ido tana cewa, “Mabruk ya Khala, wallahi ke jaruma.”

Tun a makon aka dakatar da Fada Dominik. Da aka karanta bayanin Fada Atanasiyus a coci, tsoro ya saki mutane, sai ga abin da ba wanda ya zata. Mata suka fara zuwa gidan katakis ɗaya bayan ɗaya, wasu da jikoki a baya. Kafin wata biyu masu shaida sun kai goma sha ɗaya, daga ƙauyuka huɗu da aka yi ta yawo da shi a cikinsu. Ba duka aka huce ba. Akwai dangin da har yau ba sa gaisa da Filomina, akwai kuma wanda ya samo lambar Kabira ya yi ta turo mata zagi har sai da ta canza layi.

Wata goma sha ɗaya aka yi. Hajji ya zo ya wuce, Misfala ta cika ta batse ta sake yin sauƙi. Wata Lahadi wajen sha biyun rana, Kabira da Ɗaso suna zuba miya, Filomina ta kira.

“Kada ki yi magana, ki saurara kawai. Muna cikin coci.”

Kabira ta buɗe muryar wayar ta ɗora a kan murfin tukunya. Suka ji muryar wani tsoho tana rawa, katakis ne, shi aka ba takardar ya karanta. An sami Dominik da laifi. An cire shi daga aikin firist har abada, ba zai ƙara sa rigar ba, ba za a ƙara kiransa Fada ba. An miƙa wa hukuma duk takardun binciken don shari'ar ƙasa ta yi nata aikin. Sannan Bishop ya nemi gafarar duk waɗanda aka cuta, da waɗanda aka ƙaryata, da wadda ta fara faɗa tun shekara talatin da uku ba a saurare ta ba.

Sai guɗa ta tashi a cikin wayar, ta mata da yawa, har lasifikar tana karkarwa. Ɗaso ta ajiye ludayi, ta dubi Kabira, ta kama hanci ita ma ta rangaɗa tata a tsakiyar Misfala, har wani Bangali mai shago ya leƙo yana tambaya ko ɗaurin aure ake yi.

Kabira tana dariya hawaye yana zuba. Ta ji ana kokawa da wayar a can, sai wata siririyar murya ta ce, “Inna Sisi? Ni ce Lusi.”

“Na'am, 'yata.”

“Ban taɓa ganinki ba. Mama ta ce muna kama.”

“To kin more, don ni kyakkyawa ce,” in ji Kabira. Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, Kabira ta ji Filomina a gefe tana cewa rabon da ta ji wannan dariyar tun bara waccan. “Kina zuwa makaranta?”

“Na daina. Amma zan koma.”

“Ki koma. Gobe in na sauke tukunya zan kira ki, ki ba ni labarin kowa da kowa a garin nan, har wanda ya mallaki gonar bakin rafi yanzu.”

Aka kira Azahar daga Harami, masu shaguna suka fara jan ƙofofi. Wasu alhazai biyu 'yan Gombe da ke tsaye da robobinsu tun ɗazu suka tambaya ko lafiya. Kabira ta goge fuska da gefen mayafi, ta cika musu robobin har suna zuba, ta ƙara nama.

“Lafiya lau,” ta ce. “Yau sadaka ne. Ku gaya wa na masaukinku su zo da kwanukansu kafin ya ƙare.”